Jarkar Man Shanun Inna Dije

Ku samarin da kuke kawo min roba a rumfata ta bayan tasha a Gwarzo, maganarku ta zo kunnena. Wai Habu ya yi shekaru yana kwasar shara a filin jirgin sama, ya dawo yana yi wa mutane iyayi kamar shi yake tuƙa jirgin. Wai aikin shara wa bai iya ba, ai duƙawa ce kawai ka ɗauka. In na fara yi muku bayani da baki sai ku katse ni da dariya, shi ya sa na samo takarda na rubuta. A firamare na tsaya, in kun ga kuskure ku gyara, amma kar ku ƙara abin da ban faɗa ba. Ba na son a ɗora wa kowa maganar da bai yi ba.

Ranar da na fara aiki, Baba Ɗan'azumi ya zube min buhu guda a ƙasa ya ce in raba. Shi ne maigidana a sana'ar, mutumin Kabo, gajeren tsoho da goro a kumatu kullum. Dukkanmu a ƙarƙashin wani ɗan kwangila muke, wanda aka ba kwashe sharar filin, rumfarmu kuma tana ciki, can baya jikin katanga. Na durƙusa na tara roba waje guda, gwangwani waje guda, na miƙe ina jiran yabo. Baba ya dubi tarin nan biyu ya ce, "To, ka raba maza da mata. Saura ka ware masu aure da gwauraye."

Daga nan ya fara koya min. Farar roba daban, mai launi daban, don masu injin markaɗe ba sa haɗa su. Wadda ba ta lotse ba kuma tana da murfinta, wannan ba ta markaɗe ba ce, ta masu zoɓo da kunun aya ce. Gwangwani sai ka kara masa maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne. In ya ƙi, na masu zubin tukunya ne, su narka shi su yi tukunyar da wataƙila a gidanku za a tuƙa tuwo a ciki. Kwali ba ya son ruwa, ko raɓa ce ta taɓa shi mai saye zai ce ka jiƙa ne don ya yi nauyi. Ragowar abinci kuwa sai cikin duro mai murfi, a danne da dutse, mota ta fitar da shi kafin la'asar zuwa wurin wani mai haɗa taki. Kayan aikin ba su da yawa: safar hannu mai kauri, ƙugiyar waya ta tono, maganaɗisun da muka ciro daga tsohuwar lasifika, baro, da sikeli. Amma babban kayan aiki shi ne katin da ake rataya maka a wuya. Da shi ake shiga, da shi ake fita. Ranar da aka karɓe shi, sai ka koma ƙauyenku ka nemi fartanyarka. Ni ƙauyena Madadi, kuma fartanyar ma ƙanena ya riga ya gaje ta.

Akwai wata mai kunun aya, Hajiya Uwani, da take jiran motarmu a waje don ta sayi robobi masu murfi. Sai ta buɗe kowace ta sansana kafin ta karɓa. Ni kuwa tun kafin su kai hannunta na wanke su da ruwan zafi da sabulu, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa, don ban san bakin da ya sha ruwa a ciki ba. Wataƙila mai tari ne daga wata ƙasa, gobe kuma ɗan makaranta zai kafa kai ya sha kunu a ciki, ya koma gida yana tarin da ba a san maganinsa a nan ba, a rasa daga ina, alhali daga hannuna ne. Baba yakan tsaya a kaina ya ce, "Habu, roba muke sayarwa, ba wankan gawa muke yi ba. Ko likkafani za ka yanka musu?"

Wata rana ina zazzage kofunan shayi sai haƙoran roba suka faɗo, jeren sama gaba ɗaya, an naɗe su a takarda. Ƙa'idar Baba ita ce duk abin da ya shiga kwandon shara mai shi ya sake shi saki uku. Ni kuwa na ce ba mai sakin haƙoransa da gangan. Wannan tsintuwa ce, tsintuwa kuma sai an yi cigiya. Na wanke su na sa a aljihu. Duk tsohon da na gani sai in yi masa sallama in ja gaisuwa har ya buɗe baki sosai in leƙa. Wani Alhaji ya tambaye ni ko likitan filin ne ni. Da ban sami mai su ba na kai ofishin ajiye kayan da suka ɓata, mutumin ciki ya karɓa da bakin biro. Tun daga ranar sunana ya koma Habu Cigiya.

Doka biyu ce ta riƙe aikin nan, ku riƙe su da kyau. Ta farko, abin ci ba ya kwana a rumfa. Abinci yana kawo ɓera, ɓera yana kawo shirwa, shirwa kuwa in ta shiga injin jirgi, jama'a ce cike a sama ba reshen kamawa. Ta biyu, ma'aikaci ba ya fita da komai a hannunsa. Duk abin da zai bar filin a motar kwangila zai fita, an auna an duba. In aka kama ka a ƙofa da ko cokalin roba ne, sunansa sata. Kowace ka karya a cikin biyun, katinka ya tafi.

Duk wanda ya yi aikin nan, in ya tashi ba da labarin mummunar shekara, shekarar da cuta ta hana jirage tashi yake kawowa, lokacin da muka yi ta zama muna kallon kwanduna wayam. Ta yi wuya, amma ta kowa ce. Tawa ni kaɗai ita ce shekarar man shanun Inna Dije.

Lokacin tashin maniyyata ne. An tura ni in kwashe babban kwandon da ke wurin binciken jaka, inda ake zubar da abin da aka hana shiga jirgi da shi. A irin wannan lokacin kwandon nan kamar ranar kasuwa yake: zuma, man ja, man gyaɗa, almakashi, aska. Ina tura baro sai na ji muryar da na sani. Inna Dije ce, tsohuwa daga unguwar Fulanin da ke gefen Madadi, wadda nonon shanunta muka sha muna yara. Ta rungume wata farar jarka kamar jariri, jami'in bincike yana tsaye a gabanta.

"Hajiya, ba a shiga jirgi da wannan. Ki sa a kwandon can."

"Ban zama Hajiya ba tukuna, ɗan nan. Kuma wannan man shanu ne, ni na kaɗa, ni na soya. So kake in yi wata guda ina cin shinkafar Larabawa gaya?"

"Doka ce, Inna."

"Dokar ce ta ce a zuba man shanu a shara? Wa ya raine ta, dokar?"

Da na san abin da na sani yanzu, da na sunkuyar da kai na juya barona. Sai na tsaya ina kallo. Ta waiwayo ta ƙura min ido.

"Kai ba ɗan Talatu ba ne?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ina wuni, ina gajiyar hanya, yaya mutanen gida, yaya shanu. Ban gama tambayar shanun ba na ji nauyi a hannuna.

"Riƙe min wannan, amana ce. Kar ka buɗe, kar ka ba kowa, sai na dawo. Zan ambace ka a gaban Ɗakin Allah."

Ba ta faɗi wane irin ambato ba. Ta gyara mayafi ta bi layi. Jami'in ya dube ni ya ce, "Shi ke nan, dama hannunka za ta biyo. Jefa a baronka."

Na kai jarka rumfa na ajiye a gaban Baba, na faɗa masa yadda aka yi. Na ce, "Baba, a nan ba za ta kwana ba, abin ci ne."

"Haka ne."

"Ba zan fita da ita ba, sata ce."

"Haka ne."

"In na sa ta a mota, ta zama kayan ɗan kwangila."

"To juye a duro mu huta."

"Amana ce, Baba."

"To kawo in aika a sayo mana dafaffen wake."

"Ta ce kar a buɗe."

Baba ya tofar da tukar goro ya ce, "Kai in ka mutu sai an yi cigiyar gawarka kafin ka yarda a binne ka. Ni dai ban ga jarka ba, ban ji labarin jarka ba."

Maganar binnewar nan ita ta ba ni dabara. Doka ta ce abin ci ba ya kwana a rumfa, ba ta ce komai a kan ƙarƙashin ƙasa ba. Na samo baƙar leda na naɗe jarkar, na ƙara naɗewa don kar ƙamshi ya fita, na ɗaure tam da wayar da muke ɗaure kwali. Na haƙa rami a bayan rumfa, na zuba jiƙaƙƙen yashi don kar zafi ya kumbura ta, na sa, na rufe, na daddale. Kullum a nan nake alwala don ƙasar ta zauna da sanyi. Ba a daɗe ba ciyawa ta tsiro a wurin, shar da ita, ita kaɗai ce kore a duk jikin katangar. Ni kuma aikina ya ƙaru da kallon sama. Duk shirwar da ta gifta sai in ce ta ji ƙamshi, in ajiye ƙugiya in bi ta da jifa. Abokan aiki suka fara tambayar Baba ko iska ce ta taɓa ni.

Shirwa ba ta tona ni ba, kare ne. Wata safiya jami'an tsaro suka zo zagayen katanga da karensu mai sansane kaya. Ya wuce duron abinci, ya wuce tarin kwali, ya zo daidai kan ciyawata ya tsaya, ya hau tono yana kaɗa wutsiya. Mai riƙe da shi ya ce bai taɓa ganin ya yi haka ba. Nan take aka kore mu baya, aka zagaye wurin da jar igiya, aka kira babbansu ta wayar oba-oba. Ya zo, dogon mutum mai gashin baki. Wani a cikinsu ya kwanta rub da ciki yana share ƙasa da yatsu a hankali, har baƙar leda ta bayyana, ga waya ta zagaye ta. Ban taɓa ganin Baba Ɗan'azumi ya yi gudu ba sai ranar. Kafin in waiwaya yana bayan mota, hularsa a ƙasa.

Na ji ana cewa bam ne, a kira masu fasa irin wannan abu daga nesa. Sai na sunkuya ta ƙarƙashin igiyar na shiga.

"Ranka ya daɗe, kar a fasa. Man shanu ne."

"Na wa?"

"Na Inna Dije."

"Tana ina?"

"Tana Makka."

Ogan ya sa ni na tono da hannuna, na kwance waya, na warware leda, kowa yana leƙe daga nesa. Ya ce in buɗe. Na ce an ce kar in buɗe. Sai ya miƙo hannu ya kama igiyar katina, bai ja ba, ya dai riƙe.

"Ka buɗe ka lasa a gabana. In man shanu ne mu gani. In ka ƙi, katin nan ya zauna a hannuna, kai kuma ka biyo mu ofis."

To ku masu cewa aikin shara duƙawa ce, ku gaya min abin da za ku yi a nan. Ga kati a hannun hukuma, ga tsohuwa a gaban Ɗakin Allah da sunana a bakinta. Karen ya gaji ya kwanta. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ni aka ce kar in buɗe, kar in ba kowa. Kai ba a ce maka komai ba. In ka ƙwace, ai ban ba ka ba."

"Wato in ƙwace?"

"In ka ga dama. Amma ka ja da ƙarfi, yadda zan iya rantsuwa."

Ya saki katin ya kama hannun jarka ya ja. Na riƙe. Ya sake ja, na ƙara riƙewa.

"Sakar mana, malam."

"In na saki ai na ba ka ke nan."

Sai da wasu biyu suka kama ƙugunsa suka taya shi, muka zagaye ramin nan muna ja kamar masu ciro saniya daga rijiya, sannan jarka ta kuɓuce min na zauna daɓas a kan ciyawa. Wannan ƙwace ne na gaskiya, akwai shaidu. Ya murɗe murfi, ƙamshin soyayyen man shanu da albasa ya cika wurin, har Baba ya fito daga bayan mota. Ogan ya tsoma yatsa ya lasa, ya lumshe ido. Ya ce rabonsa da irin wannan tun kakarsa tana da rai. Ya sake kai yatsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, bincike ɗaya ai ya isa." Amma ya riga ya taɓa.

Hukuncin da ya yanke shi ne ni an sake ni da katina, jarka kuma an tsare ta. Za ta zauna a firijin ofishinsu har mai ita ta dawo ta fitar da kayanta da hannunta. Ya sa na cike ramin, na tuge ciyawar, ya ce in ya sake ganina da shebur a jikin katanga ko gyaɗa nake shukawa na bar filin.

Kuna tsammani na huta. Firijin nan mutum nawa ne suke buɗe shi a yini, kuma duk sun ji ƙamshin. Kafin a sa jarkar na faki ido na karce ta da ƙusa daidai inda man ya tsaya. Daga nan kullum safe da yamma sai na je gaida ofishin tsaro. In gaida oga, in gaida na kusa da shi, in tambayi iyali, in tambayi kare, sannan in ce ko za a taimaka min da ruwan sanyi, don dai a buɗe firiji in ga layin ƙusata. Na sha ruwan sanyin da ban yi niyya ba har mura ta kama ni, na ci gaba da zuwa da murar. Wata rana ogan ya ce, "Habu, ka turo magabatanka kawai mu ɗaura maka aure da jarkar nan." Man bai ragu ba. Sanyi ya daskarar da shi, har ramin yatsan oga yana nan yadda ya bar shi.

Ranar da jirgin alhazan yankinmu ya sauka, na nemi izini na tsaya a hanyar fitowa, na tari Inna Dije na kai ta ofis. Na durƙusa na ce, "Inna, ga amanarki. An buɗe, amma ƙwacewa aka yi, ga waɗanda suka ƙwace nan. Ga ramin yatsa, na hukuma ne, ɗaya da ɗan ƙari."

Ta karɓa ta buɗe, ta sa nata yatsan a ramin ta gwada faɗinsa. Ta ɗago ta dubi ogan tun daga takalmi har hula.

"Kai ne mai yatsa kamar taɓarya?"

"Aiki ne, Hajiya."

"Aikin ya yi daɗi?"

"Ya yi, Hajiya."

"To na yafe." Ta juyo wurina. "Ashe Talatu ta haifi ɗa. Na ambace ka kuwa. Na roƙi Allah ya sa duniya ta san ka da riƙon amana."

Na ce amin. Ban yi tunani ba na ce amin. Ita kuwa ba ta bar wa addu'ar aikin ita kaɗai ba. Duk suna, duk biki, duk zaman makoki, daga Madadi zuwa garin Jama'a har Kabo, sai ta ba da labarin ɗan Talatu da ya yi kokawa da hukuma a kan man shanunta. A bakinta jami'an sun zama goma, karen ya zama kura.

Da shekara ta zagayo aka fara tashin maniyyata, muna loda kwali a mota da yamma sai mai gadin ƙofar ma'aikata ya zo ya ce, "Habu, mutanen garinku suna nemanka, sun tare mana hanya." Na leƙa ta kafar katanga. Jama'a ce tsaye, maniyyata da 'yan rakiya, kowa da kaya a gabansa. Kuma ba kayan da jirgi ya ƙi ba ne, ko wurin bincike ba su kai ba tukuna. Kaya ne da aka ɗauko daga gida musamman domina: kan keken ɗinki, rediyo, tulun zuma, buhun daddawa, har da ƙyauren ɗaki sabo. Na ji wata tana cewa in ta bar wa 'ya'yanta kafin ta dawo sun sayar.

Na roƙi Baba ya rufe ni da kwalaye a bayan mota in fita ba a gan ni ba. Ya rufe ni yana dariya har yana tari. A ƙofa mota ta tsaya don a duba, jama'a suka zagaye ta. Na ji muryar wani tsoho, Malam Jibo na Jama'a, yana tambaya ina Habu.

Baba ya ce, "Wallahi rabona da ganin fuskarsa tun ɗazu." Bai yi ƙarya ba, shi ya ɗora kwali na ƙarshe a kanta.

Malam Jibo ya ce, "Ba komai. Ai ba sai ya gani ba, ji ma ya isa." Ya gyara murya ya ɗaga ta yadda ake kiran salla. "Habu ɗan Talatu, duk inda kake, ga kayanmu nan mun bar maka amana sai mun dawo."

Na kai yatsu zan toshe kunne, amma na makara. Na riga na ji, tun daga sunana har sai mun dawo. Na ɗan ƙara kwanciya ina neman ko akwai wata hanya. Babu. Kayan a waje suke, ba dokar filin da ta hau kansu balle in fake da ita. Na ture kwalaye na miƙe, na sauko daga mota, na fara bin su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kowa abin da ke cikin ƙunshinsa da wanda aka yarda ya taɓa.

Malam Jibo ne na ƙarshe. Ban ga kaya a gabansa ba, har na fara godiya ga Allah. Sai ya miƙo min igiya. Na bi igiyar da kallo har ƙarƙashin motar da ta kawo su, na ga jar akuya a kwance tana tuƙa.

"Ba ta cin dusa sai an jiƙa," in ji shi. "Kuma tana da ciki, Habu. In ta haihu, su ma amana ne."